Maiɗakina ta ce rediyon motata ya zama gunkina

"Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni direban babbar mota ne, shekarata 11 a kan hanya. Wani lokaci sai in yi kwana 10 ban kwana a gidana ba. An yi mini baftisma tun ina saurayi, a dā ma ina cikin ƙungiyar mawaƙan ikilisiyarmu kafin aiki ya raba ni da ita. Abin da ke ɗebe mini kewa a hanya shi ne sharhin ƙwallon ƙafa a rediyo. Akwai ƙungiyar da nake goyon baya a gasar Firimiya ta Ingila tun ina yaro. Na san inda kowace tasha take kamawa da inda take ɓacewa, har nakan tsara tafiyata yadda lokacin wasa zai same ni inda rediyo ke kamawa tar.

"Maiɗakina ta ce ƙwallo ta zama gunkina. Wata Lahadi ta kira ni sau 3 ana tsakiyar wasa, ban ɗauka ba, ashe ƙaramin ɗanmu ne zazzaɓi ya rufe. Yaron ya warke, amma ita har yau ba ta huce ba. Ta kai ƙarata wajen wani dattijon ikilisiya, shi kuma ya ce in cire rediyon daga motar gaba ɗaya, in riƙa sauraron wa'azi kaɗai. Ni ma akwai abin da ke damuna. Nakan kama kaina ina roƙon Allah mu ci ƙwallo, alhali na yi kwanaki ban yi addu'ar safe ba. Ranar da aka ci mu ba mai jin daɗina, har yaron motata ya san ranar da ba a yi mini magana. Sau ɗaya kuma saura ƙiris in take wani mai babur saboda murna. Amma in na rabu da rediyon nan ban san yadda zan yi da kaɗaici da gyangyaɗi ba. Zunubi nake yi? In bari ko in ci gaba?"

Ɗan'uwana, sannu da hanya, sannu da ƙoƙari. Na cire sunan ƙungiyar taka daga wasiƙar da gangan, don na san halin masu kallon ƙwallo: in na bari, rabin masu karatu za su manta da damuwarka su koma tsokanarka. Na kuma ji daɗin yadda ba ka wanke kanka ba. Mutumin da ƙwallo ta cinye zuciyarsa kaf ba ya zama ya lissafa laifinsa da hannunsa kamar yadda ka yi. Sai dai kada wannan yabon ya sa ka saki jiki, domin a cikin abin da ka rubuta akwai wayar da ba a ɗauka ba, akwai mai babur ɗin nan, akwai addu'ar safe da ta yi ɓatan dabo. Kowannensu ya fi akwatin rediyon nauyi.

Tambayar zunubi ita ce mafi sauƙi, don haka bari in sallame ta da wuri. Son wasa ba zunubi ba ne. Mutanen Koranti da Manzo Bulus ya rubuta wa wasiƙa suna da babbar gasar wasanni da ake yi kusa da birninsu duk bayan shekara 2, kuma da ya so ya koya musu jimiri a cikin bangaskiya sai ya ɗauko misalin masu tsere da 'yan dambe (1 Korantiyawa 9:24-27). Bai tsawata musu don sun san wasannin ba, da abin da suka sani ya yi musu wa'azi. A 1 Timoti 6:17 kuma ya ce Allah ne ke ba mu kome a yalwace don mu ji daɗinsa. Wataƙila ma ba ka san cewa ƙungiyoyi da dama na ƙwallon Ingila a harabar majami'a aka haife su ba. Aston Villa ta fito ne daga samarin wata majami'ar Metodis a 1874, Everton ta fara a 1878 da sunan majami'ar St Domingo, Manchester City ta samo asali daga ikilisiyar St Mark a 1880, Southampton kuma daga ta St Mary a 1885, shi ya sa har gobe ake musu laƙabi da Waliyyai. Masu bi ne suka ga samari suna zaman banza suka ce gara a ba su ƙwallo. Saboda haka duk wanda ya ce maka sauraron sharhin wasa kansa saɓo ne, ya ɗora maka kayan da Littafi Mai Tsarki bai ɗora maka ba.

Na kuma fahimci abin da rediyon yake yi maka, fiye da yadda mutanen gida za su fahimta. Ina ganinka da tsakar dare, hanya ta miƙe ba gari gaba ba gari baya, yaron mota ya jingina kai da gilashi yana munshari, tashar FM ta fara tsatsa don ka yi wa eriyarta nisa, sai ka koma matsakaicin zango kana murɗa maɓalli a hankali kamar mai lallashin jariri. Da dare muryoyin wannan zangon sukan yi nisa ƙwarai, don sararin samaniya yana dawo da su ƙasa bayan faɗuwar rana, shi ya sa wani lokaci za ka kamo tashar da da rana ko motsinta ba ka ji. Daga cikin ƙarar nan sai ga muryar mutum, yana ihu, yana kiran sunayen da ka sani tun kana yaro, dubban mutane suna waƙa a bayansa. Nan take ka daina zama kai kaɗai a duniya. Tun ranar 22 ga Janairun 1927, da BBC ta watsa wasan Arsenal da Sheffield United kai tsaye, mutane ke ganin fili da kunnuwansu, kuma babu wanda wannan baiwa ta fi yi wa rana kamar wanda idonsa ke kan kwalta. Allah da kansa ya ce bai kyautu mutum ya zauna shi kaɗai ba. Kewar da kake ji gaskiya ce, ba raunin bangaskiya ba ce.

Shi ya sa ban goyi bayan a tumɓuke rediyon yau a jefar ba, ko da yake ina girmama dattijon da ya faɗa. Ya ga hayaƙi ya yi ihun gobara, kuma ya kyauta da bai yi shiru ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dattijon bai taɓa yin awa 9 a bayan sitiyari ba, ina zato, kuma bai san cewa wa'azin da aka kunna daga safe har dare shi ma yakan koma ƙarar da kunne ya saba da ita, yana shiga ta dama yana fita ta hagu ba. Ka tuna misalin da Yesu ya ba da a Matiyu 12, na gidan da aka share aka bar shi wayam. In ka cire abin da ke cike maka shiru ba ka sa kome a gurbinsa ba, hanya tana da abubuwan ɗebe kewa da suka fi ƙwallo muni nesa ba kusa ba, kai ma ka san su, ka ga abin da suka yi wa wasu abokan aikinka.

To amma ga inda zan taka ka, ka yi haƙuri. Layin da ya fi tsaya mini a wasiƙarka shi ne inda ka ce kakan tsara tafiyarka don lokacin wasa ya same ka inda tasha ke kamawa. Wannan aiki ne na mai basira: ka lissafa nisa, ka lissafa lodi da saukewa, ka lissafa inda za a tsare ka, ka isa daidai lokacin da alƙalin wasa zai hura usur. A cikin shekara 11 ɗin nan, sau nawa ka yi irin wannan lissafin don safiyar Lahadi ta same ka kusa da majami'a? Sau nawa ka yi shi don ƙarfe 8 na dare ta same ka inda waya ke da sabis, ka ji muryar yaranka kafin su kwanta? Ba na tambaya don in kunyata ka. Ina nuna maka ne cewa uzurin "aiki ne ya hana" ya faɗi, kuma kai ka kayar da shi da bakinka. Abin da mutum ke yi wa tanadi tun da wuri shi ne abin da ke kan gaba a zuciyarsa, kuma Ubangiji ya faɗa a Matiyu 6:21 cewa inda dukiyarka take, can zuciyarka za ta kasance. Bulus ma ya ce kome halal ne a gare shi, amma ba zai yarda wani abu ya mallake shi ba (1 Korantiyawa 6:12). Lokacin da maiɗakinka ta ce "gunki", kalmar ta yi zafi, amma ba a iska ta kamo ta ba.

Ka tsaya ka shiga takalminta na ɗan lokaci, wato ka zauna inda ta zauna ran nan. Yaro yana kwance jikinsa kamar garwashi, ita kaɗai ce babba a gidan, ta kira mijinta sau ɗaya, sau biyu, sau uku, wayar tana shiga ba a ɗauka. Matar direba in waya ta yi ta ƙara ba amsa, ba ƙwallo ke fara zuwa mata a rai ba, hatsari ne. Ta gama tsorata a kan ɗanta, ta ƙara tsorata a kanka, sannan daga baya ta ji cewa wasu mutum 22 ne a wata ƙasa, waɗanda ba su san da zamanka a duniya ba, suka riƙe ka. Ba rediyo take kishi da shi ba. Ta gano ne cewa akwai minti 90 da ita da yaranta ba su da iko da kai a ciki, ko da rai ne a bakin mutuwa. Kai ƙarar da ta yi wajen dattijo ma, kada ka ɗauke shi tonon asiri. Mace ba ta kai maganar gidanta waje sai ta ga maganarta ta daina shiga a ciki.

Don haka aikin farko ba a mota yake ba, a gida yake. In ka koma, ka zaunar da ita bayan yara sun kwanta, ka roƙi gafararta a kan wannan Lahadin, kuma kada kalmar "amma" ta fito daga bakinka. Kada ka ce ai yaron ya warke, kada ka ce ai ba ka sani ba. Rashin sanin ai shi ne laifin. Bayan haka ku yi yarjejeniya mai sauƙi wadda za ka iya riƙewa: duk lokacin da ta kira sau biyu a jere, za ka nemi gefen hanya mai aminci ka tsaya ka kira ta, ko da bugun fenariti ake shirin yi. Ka kuma riƙa gaya mata ranakun wasa tun farkon mako, kada ya zama wani ɓoyayyen abu da take ganowa daga yanayin muryarka. Hutun rabin lokaci minti 15 ne, ka mayar da shi nata. Da farko za ta ce saura ka ba ta, tana da gaskiya kuwa, shi ya sa dole a samu wani kiran na kullum, a lokaci tsayayye, wanda babu ruwansa da jadawalin kowace gasa.

Maganar mai babur kuwa ba ta jira. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa 3 na ihu da dukan sitiyari sun kai ka mita 66 ba tare da hankalinka yana kan hanya ba, da lodi a bayanka wanda ka fi ni sanin nisan da yake ci kafin birki ya kama shi. Wancan bawan Allah yana da masu jiransa a gida kamar yadda kake da su. Allah ya tsare ran nan, kada ka mayar da jinƙansa abin gwaji. Shawarata ita ce wasan ƙungiyarka, musamman manyan wasannin da ke tsayar maka da numfashi, ka daina jin su kana tuƙi. Tunda ka iya lissafin hanya, ka lissafa yadda hutunka zai faɗo a kan wannan awa 2, ka faka, ka miƙe ƙafa, ka ji wasanka da kunne biyu, ka yi ihunka son ranka. Gasar Firimiya wasa 38 ne kowace ƙungiya ke bugawa a kaka, ba kullum ba ne. Wasannin wasu ƙungiyoyin da ba su taɓa maka zuciya, waɗannan ka iya barin su suna tafiya ƙasa-ƙasa. Sannan ka cire wa kanka tunanin cewa rediyo maganin gyangyaɗi ne. In ido ya fara nauyi, ko ƙwallo 5 aka zura ba za su hana shi rufewa ba, barci kaɗai ke biyan bashin barci.

Addu'ar cin ƙwallo ta ba ni dariya, don ba kai kaɗai ba ne. A daidai lokacin da kake cewa "Ya Allah, ko ɗaya ce", akwai wani ɗan'uwa mai bi a wata motar yana roƙon a tare ta. Ban ga laifi ba yaro ya gaya wa Ubansa abin da ransa ke so, ko da ƙaramin abu ne. Abin lura shi ne ta nuna bakinka bai manta hanyar addu'a ba, sai dai zafin ya koma wani wuri. Ga dabarar da nake ganin za ta zauna da rayuwar direba. Ba ka tayar da mota da safe sai ka duba mai da ruwa, ka zagaya ka bubbuga tayoyi. Ka ɗaura addu'arka a jikin wannan al'adar: ka gama zagayen, ka hau, kafin ka murɗa makulli ka yi minti 5 da Ubangiji. Zabura 121 kamar don matafiya aka rubuta ta, aya 8 ce kacal, ta ƙare da cewa Ubangiji zai kiyaye fitarka da shigarka. Cikin mako guda za ka haddace ta. Ka sa a saukar maka da Littafi Mai Tsarki na sauraro a waya ko a katin memori, yadda ba ya bukatar sabis, ka ba shi awar farko ta tafiya lokacin da kai yake wasai. Bisharar Markus sura 16 ce, za ka gama ta a tafiya ɗaya. Kuma kai fa mawaƙi ne, ka ambata shi a wasiƙar kamar abin da ya mutu. Ɗakin direba ya isa mutum ya rera duk waƙoƙin da ya sani, ba mai cewa ya yi kuskuren murya.

Game da Lahadi, masu bi sun daɗe suna bambanta. Eric Liddell, ɗan tseren Birtaniya, ya ƙi shiga tseren mita 100 a gasar Olamfik ta 1924 a birnin Paris don zagayen farko ya faɗo ranar Lahadi, ya koma mita 400 ya ci zinariya. Daga baya ya tafi aikin bishara a ƙasar Sin, ya rasu a 1945 a sansanin da sojojin Japan suka tsare su. Waɗanda suka zauna da shi a can sun ba da labarin cewa wannan mutumin, da ya ga yaran sansanin suna dambacewa a wasan da ba mai kula da su ranar Lahadi, sai ya fito ya yi musu alƙalanci. Bai sake bangaskiya ba, ya dai san dalilin dokar da yake bi, kamar yadda Yesu ya ce an yi Asabar domin mutum ne. Romawa 14:5 ta bar wa kowa ya tabbata a zuciyarsa game da ranaku. Abin da ba a bar maka zaɓi a kai ba shi ne yanke zumunci da 'yan'uwa masu bi, Ibraniyawa 10:25 ta yi magana a fili. Sa'arka ɗaya, wasannin Lahadi a Ingila galibi da rana ake buga su, sujada kuwa galibi da safe ce, don haka ba sa karo sai in kai ka so. A hanyoyin da ka saba bi, ka nemo majami'u biyu ko uku da za ka iya faka mota kusa da su, ka shiga ko da kayan aiki ne a jikinka. Ka kuma sami maigidanka a cikin natsuwa ka nemi a daidaita maka lodi yadda za ka riƙa yin Lahadi ɗaya ko biyu a wata a gida. Zai iya ƙi, amma direban da ya yi shekara 11 yana kawo mota lafiya yana da bakin roƙo.

Sai yaron motarka, wanda kowa ya manta da shi a wannan rigimar. Shi ne ya fi kowa ganin Kiristancinka, fiye da fasto, fiye ma da maiɗakinka, don shi ke zaune a gefenka dare da rana. In abin da ya koya shi ne ubangidansa yana waƙar yabo da safe, da yamma kuma an ci su 2 da nema ya koma zaki, to wa'azin da ka yi masa ke nan. Baƙin ciki in an sha kashi ba laifi ba ne, wanda bai ji zafi ba ai ba magoyin baya ba ne. Amma ka yanka masa wa'adi: daga usur na ƙarshe zuwa rabin awa, ka yi tsakinka, ka zagi mai horarwa a zuci, shi ke nan. In ka kuskure ka huce a kan yaron, ka ba shi haƙuri kafin ku kwanta, Afisawa 4:26 ta ce kada rana ta faɗi kana fushi. Ba ka ambaci caca ba, ina fata babu ita. In akwai, ko ta ɗan canji ce, to duk sassaucin da na yi maka a sama na janye shi, ka yanke ta yau, don da zarar kuɗi ya shiga, ba wasa kake ji ba kuma.

Saura yadda za ka san ko ni ke da gaskiya ko dattijon. Ka zaɓi wasa guda mai muhimmanci a cikin watan nan, ba wanda ka san ba kome a cikinsa ba, ka bar rediyon a kashe da ganganci, ka ba wannan lokacin ga addu'a da doguwar hira da gida. Sakamako ka ji shi washegari. In ka iya, ko da ranka yana ƙaiƙayi, to kai ke riƙe da linzami, sai ka ci gaba da jin wasanka da ka'idojin nan ba tare da zuciya tana zarginka ba. In kuwa ka kasa, hannunka ya kai kan maɓalli ba da izininka ba, ko ka wuni kana masifa, to ka amince cewa abin ya fi ƙarfinka a yanzu, ka ajiye sharhin kai tsaye har ƙarshen kakar bana, ka tsaya ga jin sakamako a labaran wasanni. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ko wanne ya faru, ka koma wajen dattijon da ƙafarka, kai da maiɗakinka, kada ka jira ya aiko. Ka gode masa, ka shimfiɗa masa tsarin da ka yi, ka roƙe shi ya riƙa kiranka sau ɗaya a mako yana tambayarka yadda ake ciki. In ya nace sai an cire rediyon, ka roƙi wata 3 na gwaji, kuma ka bar maiɗakinka ta zama mai ba da shaida a ƙarshensu, don ita ce za ta fara sanin ko wayar ana ɗauka. Ka gaishe ta, ka shafa mini kan yaron. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.